KAFIN KA ZAGI DIREBAN TIRELA, TAMBAYE SHI AWA NAWA YA YI BARCI

Jama'a, wannan rubutun yana da ɗan tsawo. Wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare, amma don Allah duk mai ɗan uwa a kan titi, ko mai ba da lodi irina, ya daure ya kai ƙarshe.

Shekaranjiya bayan isha'i ɗan ƙanwar mahaifiyata ya kira ni ta bidiyo. A Zangon Kumasi aka haife shi, can ya tashi, yanzu kuma shekararsa 6 yana jan babbar mota a Jamus. Na gan shi a cikin kan mota ya cire takalmi, ya ɗora ruwan shayi, ga bargo ya shimfiɗa a gadon baya. Na ce har ka sauke kenan? Ya ce a'a Yaya, saura kilomita 60. Na ce to zaman me kake yi? Sai ya juya wayar ya haska mini wata 'yar na'ura a saman gilashi, kamar rediyon mota, ya ce awannina na yau sun cika, sai gobe da safe in Allah ya kai mu.

Ni dai dariya na yi. Kilomita 60 fa, ko Kazaure ba ka kai ba daga Kano. Na ce masa wallahi da direban da na ba lodi ne ya kira ni ya ce zai kwana saura kilomita 60, da ranar sai ya ji abin da bai taɓa ji ba. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Na sani Yaya. Ai haka aka yi wa Kawu."

Daga nan hirar ta mutu. Muka yi sallama, ni kuma barci bai zo mini ba sai wajen ƙarfe biyu.

Kawun nan namu, Allah ya jiƙansa, yayan iyayenmu mata ne. Direban daf ne, ya fi shekara 20 yana Kano zuwa Legas. Da na gama sakandare ban samu wucewa gaba ba, shi ya ɗauke ni yaron mota, na yi kusan shekara biyu a bayansa. Na san kwanan ƙarƙashin tirela a Tafa da Mararrabar Jos, na san sauron Jebba, na san layin Apapa. Na kuma san ainihin aikin yaron mota, wanda ba a faɗa. Ɗaure tamfol da sa waji a taya duk ƙananan abubuwa ne. Babban aikinka da daddare shi ne ka hana oga barci. Ka ja shi da hira, ka ɓara masa goro, ka canza kaset, in ka ga kansa ya fara sunkuyawa ka yi tari da ƙarfi, don ba ka isa ka buɗe baki ka ce masa "Oga kana gyangyaɗi" ba. Yaro ɗan shekara 19, wanda shi ma idonsa ke rufewa, shi ne ke tsakanin tan 30 na kaya da mutanen da ke tahowa a ɗaya hannun.

Bayan na bar shi da wasu shekaru ya rasu a hanya, an ɗan wuce Mokwa, gari ya fara wayewa. Yaron da ke tare da shi ya tsira da karaya, shi ya ba mu labari. Kwana biyu suka yi a layin lodi, irin layin nan da ba ka isa ka kwanta ba, domin jim kaɗan sai an matsa, in ba ka matsa ba wani ya sha gabanka. Suka samu lodi da la'asar, mai kaya ya ce lallai yanzu za a kama hanya. Suka kwana suna tafiya. Inda motar ta bar titi wuri ne miƙaƙƙe, ba kwana, ba rami, ba wata mota a gaba. Mun je mun gani da idonmu, ko alamar birki babu a kwalta. A zaman makoki wasu suka ce birki ne ya tsinke, wasu suka ce dama wurin akwai mutanen ɓoye. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, kwana ya ƙare. Amma ni da na zauna a kujerar nan shekara biyu na san abin da ya faru, kuma na yi shiru.

Abin da ya hana ni barci shekaranjiya shi ne, yau ni ne mai kayan. Ina lodin hatsi daga Dawanau, in kakar tumatur ta zo ina ɗan taɓa na Kwanar Gafan zuwa Mile 12. Ni ne mai kiran direba ƙarfe uku na dare in ce, "Malam kana ina? Har yanzu ba ka wuce Lokoja ba?" Ban taɓa tambayar ko ɗaya daga cikinsu yaushe rabonsa da kwanciya ba. Ko sau ɗaya.

Jiya na sake kiran yaron na ce ya warware mini dokar tasu filla-filla, ni ma na zauna na karanta. Ga abin da na fahimta.

Dokar ta Tarayyar Turai ce, mai lamba 561 ta shekarar 2006, kuma ta hau kan motocin kaya da nauyinsu ya wuce tan 3.5. Direba ba zai yi tuƙi fiye da awa 9 a rana ba. An yarda ya kai 10, amma sau biyu kawai a mako. Idan ya yi awa 4 da rabi yana tuƙi, dole ya tsaya minti 45. Yana iya raba hutun gida biyu, minti 15 da farko sannan minti 30 daga baya, amma ba a juya shi, wato 30 sannan 15 bai karɓu ba. Kuma hutu hutu ne. In ka tsaya kana sauke kaya ko kana canza taya, aiki kake yi, ba za a lissafa maka shi a hutu ba.

A cikin kowace awa 24 sai ya samu hutun awa 11 a jere. Ana iya rage shi zuwa 9, sau uku kacal tsakanin hutun mako da na gaba. A mako ɗaya tuƙinsa ba zai wuce awa 56 ba, a mako biyu a jere kuma ba zai wuce 90 ba. Ku lura da dabarar da ke ciki: in ka cinye 56 a wannan makon, 34 kawai ya rage maka a mako mai zuwa. Bayan kwana shida na aiki sai hutun mako, awa 45 cur. Ana iya rage shi zuwa 24, amma bashi ne a kan kamfani, sai an biya direba ragowar a dunƙule kafin ƙarshen mako na uku. Shi wannan cikakken hutun na awa 45 ma ba a yarda a yi shi a cikin mota ba. Kotun Tarayyar Turai ta yanke haka a 2017, a 2020 kuma aka rubuta shi ɓaro-ɓaro a doka, har da cewa kamfani ne zai biya kuɗin masauki, kuma ya tsara aiki yadda direba zai iya komawa gida aƙalla sau ɗaya a mako huɗu. Kawu yakan yi wata biyu 'ya'yansa ba su gan shi ba.

Na'urar da ya haska mini sunanta takograf. Kowane direba yana da katinsa kamar katin banki, da shi zai zura kafin ya tayar da mota. Tana rubuta lokacin tuƙi, lokacin wani aikin, lokacin hutu, da gudun da aka yi. In jami'i ya tsayar da kai ba tambayarka zai yi ba, katin zai karanta. A da kwana 28 ake dubawa baya, daga ƙarshen 2024 ya koma 56. Laifin da ka yi a Holan mako uku da suka wuce, yau za a iya cin tararka a kansa a Jamus. Babu "oga ka yi haƙuri", babu miƙa hannu ta taga.

Amma duk wannan bai taɓa ni ba kamar sashe na 10 na dokar. A can an hana kamfani ya biya direba gwargwadon nisan da ya ci, ko yawan kayan da ya ɗauka, ko saurin isarsa, matuƙar irin wannan biyan zai tura shi ga ganganci ko karya ƙa'ida. An ce laifin direba yana hawa kan kamfanin da ya ɗauke shi. Sannan an ambaci masu ba da kaya da dillalan lodi, an ce dole lokacin da suka yanka na isar kaya ya zama wanda za a iya cikawa ba tare da an karya dokar hutu ba. Masu ba da kaya fa. Wato mutum irina. Da a can nake, kiran da nake yi ƙarfe uku na dare zai iya zama hujja a kaina.

Amurka ma tana da tata tun ƙarshen shekarun 1930, kuma ta ɗan fi sassauci: awa 11 na tuƙi a cikin awa 14 daga lokacin da ka fara aiki, bayan hutun awa 10 a jere, da tsayawar minti 30 in ka yi awa 8 kana tuƙi, da iyakar awa 60 a kwana 7 ko 70 a kwana 8. Sun daɗe suna rubuta awanni da biro a littafi, kowa na rubuta abin da ya ga dama, sai a Disamba 2017 aka tilasta na'ura. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma tun 1979 take da yarjejeniya mai lamba 153 a kan haka: kada a wuce awa 4 ba hutu, awa 9 a rana, 48 a mako. Alƙaluman sun bambanta, amma duk inda ka duba suna zagaye wuri ɗaya ne.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa, domin ni ma shi na fara faɗa: Turawa ne ba su da juriya, mu jikinmu ya saba. Wannan ƙarya ce da muke yi wa kanmu. A 1997 wasu masana a Ostireliya suka gwada mutane, suka gano cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na mai barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini. Wanda ya kai awa 24 kuwa kamar mai 0.10 ne, abin da ya wuce iyakar da ake kama direba a kanta a Turai da Amurka. Ku tsaya ku yi tunani. Dattijo mai sallah a kan lokaci, wanda ko warin barasa bai taɓa ji ba, yana iya zama a kan sitiyari daidai da wanda ya bugu. Da za a ce mana direban da muka ba lodi ya sha, da a take za mu karɓe makulli. Amma wanda ya kwana biyu bai runtsa ba sai mu ce jarumi ne.

Kuma barcin da ke kashewa ba irin na minshari ba ne. Na daƙiƙa uku ne ko huɗu, wani lokacin ido ma a buɗe, mutum bai san ya yi ba. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa huɗu kusan mita 90 kenan, kusan tsawon filin ƙwallo, babu kowa a sitiyari. Lokutan da jiki ya fi neman kwanciya kuwa sanannu ne, daga ƙarfe biyu na dare zuwa shida na safe, sai kuma bayan azahar. Lokacin da muka fi son motocinmu su yi ta gudu kenan, wai hanya babu kowa, injin ya yi sanyi, taya ba za ta yi zafi ba.

Goro, shayi mai kauri, lemon gwangwani na ƙara kuzari, duk na ga amfaninsu, kuma duk aro ne. Suna ɗage barcin ne zuwa anjima, in ya dawo kuma ba ya sallama. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce barci ɓarawo ne. Daga nan ne wasu yaran ke faɗawa ƙwaya. Muna ta tsine wa direbobi masu shan tramadol, kuma ba na kare su, amma mu tambayi kanmu me ya kai yaro ɗan shekara 25 ga neman abin da zai hana shi barci kwana uku. Ba don nishaɗi ya fara ba. Lodi aka ba shi da wa'adin da jikin ɗan Adam ba zai iya ba.

Kada kuma a ce na mayar da Turai aljanna. Shi kansa yaron ya gaya mini akwai masu manna maganaɗisu don ruɗa na'urar, akwai masu tuƙi da katin wani, kuma a Jamus wurin ajiye manyan motoci ba ya isa, in yamma ta yi sai ka ga mutum yana zagaye wuraren hutu awanninsa na ƙarewa bai samu gurbi ba. Akwai kuma abin da na'ura ba ta gani. A watan Yunin 2014 wata tirelar kamfanin Walmart ta daki motar ɗan wasan barkwancin nan Tracy Morgan a New Jersey, abokinsa James McNair ya mutu, shi kuma ya ji mummunan rauni. A lissafin awannin aiki direban bai ƙetare iyaka ba. Amma bincike ya gano ya fi awa 28 bai yi barci ba, domin da motarsa ya tuƙo kusan kilomita 1,300 daga gidansa a Jojiya zuwa wurin aiki kafin ya hau tirelar. Na'ura juyawar taya take ƙirgawa, ba ta san ko ka kwanta ba.

To mu dawo gida, inda maganar take da wuya. Idan gobe da safe aka ce kowane direban tirela a Najeriya ya tsaya bayan awa 9, tambayar farko da zai yi ita ce, a ina? Gaskiyarsa. Wanda awanninsa suka cika a tsakiyar dajin Birnin Gwari, ka ce ya kashe mota ya shimfiɗa bargo? Ko inda ake tsayawar ma, Tafa, Mararraba, Ogere, yawanci gefen titi ne, motoci jere a kan kwalta, su ma suna jawo wani haɗarin. Kana kwance kunnenka na kan tankin gas da batir, don in ka yi nauyin barci ka tashi babu su. Wannan ba hutu ba ne. Ga layin lodi, wanda a takarda zama ne amma a jiki aiki ne. An kawo tsarin kiran motoci ta intanet a Apapa a 2021 don rage cunkoso, amma jira a depo da masana'anta da kasuwa yana nan, kuma babu mai biyan direba kuɗin jiran. Ga shingaye, na masu kaki da na 'yan karɓar haraji masu sanda da ƙusa, kowanne ya ci maka minti 10 ko 20. Duk lokacin da aka cinye masa a hanya, daga barcinsa yake cirewa ya biya, domin shi kaɗai ne abin da yake da iko a kansa.

Sai tsarin biya, wanda a ganina shi ne uwar matsalar. Yawancin direbobin da nake hulɗa da su albashinsu na wata ba ya kai su ko'ina. Abin da suke ci shi ne kuɗin tafiya. A damƙa maka kuɗin hanya a dunƙule, ka sha gas, ka sallami shingaye, ka ci abinci kai da yaronka, abin da ya rage naka ne. Sawu huɗu a wata ya fi uku. Kwana ɗaya da ka ƙara a hanya daga aljihunka ya fita. Irin biyan da Turai ta ga haɗarinsa ta taka masa birki, shi ne tsarinmu gaba ɗaya. Shi ya sa kuma kake ganin an ɗora mutane a saman buhuna ko a kan shanu, direba na neman cikon abin da bai ishe shi ba, in motar ta faɗi a kwashi gawa da yawa.

Mu masu tumatur kuma muna da tamu hujjar, kuma ba ƙarya ba ce. Kwando ne a kan kwando, babu na'urar sanyaya, rana ɗaya in ta ƙaru na ƙasa ya zama ruwa. Mai shanu daga Wudil ko Maigatari ko Potiskum shi ma zai ce dabba a tsaye take, in an daɗe sai ta faɗi a tattake ta. Na yarda. Amma na zauna na yi lissafi. Kano zuwa Legas ya kai kilomita 1,000 ko fiye. In ka ɗauka tirela mai lodi tana cin kilomita 45 a awa a tsakaice a irin hanyoyinmu, tuƙin ya haura awa 22. Direba ɗaya mai bin ƙa'idar awa 9 kusan kwana uku zai yi. Amma ita dokar Turan nan ta yi tanadin direba biyu a mota ɗaya: a cikin awa 30 su huta awa 9, ragowar su yi ta karɓar juna, ɗaya na tuƙi ɗaya na hutawa. Da haka tumatur ɗina zai isa kusan lokacin da yake isa yanzu, sai dai babu wanda ya kwana biyu idonsa biyu. Abin da zai ƙaru shi ne kuɗin mutum ɗaya. Ku kwatanta shi da kuɗin kan daf guda, da kwando ɗari-ɗari a zube a kwalta. Rai kuwa ba na ma sa shi a lissafin.

Kuma kada wani ya ce ba mu da na'ura. Manyan kamfanoni da masu motoci da yawa sun daɗe da saka na'urar bin sawu a motocinsu. Mai mota yana kwance a Kano yana ganin motarsa a waya, in ta tsaya minti 30 a inda bai sani ba ya kira ya ce gas ake sayarwa. Ita wannan na'urar dai ita ce za ta nuna masa motar ta yi awa 16 ba ta tsaya ba. Bayanin yana hannunsa. Tsayawa ce take tayar masa da hankali, rashin tsayawa kuwa daɗi yake masa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa gajiya da barci a kan sitiyari cikin dalilan haɗari a rahotanninta, kuma a 2017 ta tilasta wa motocin haya saka na'urar taƙaita gudu. Wanda ya iya tilasta wannan zai iya cewa duk kamfanin da ke da motoci masu yawa ya kawo bayanan tafiyarsu a duba, kuma in aka yi haɗari a fara da tambayar awa nawa motar ta yi tana tafiya, wa kuma ya yanka wa'adin. A fara da tankokin mai da manyan kamfanoni, su da suke da ofis da adireshi. Ranar da aka ci tarar mai mota da mai kaya, ba direba kaɗai ba, ranar waya za ta daina ƙara ƙarfe uku na dare.

Ƙungiyoyi kuma, NARTO ta masu motoci da reshen direbobin tanka na NUPENG da NURTW, mun ga ƙarfinsu. In suka ajiye makulli kwana biyu ƙasar nan sai ta ji a jikinta. Ina jiran ranar da za su yi amfani da wannan ƙarfin su ce a gina musu wuraren kwana masu katanga da tsaro da banɗaki da masallaci a kan manyan hanyoyi, ko da biya za a riƙa yi. Direba zai biya kuɗin kwana da murna in ya san zai tashi ya tarar da batirinsa.

Ku ma direbobi, iyayena da yayyena, ba zan ƙyale ku ba. Akwai wata taƙama a cikinku da na sani tun ina yaron mota. A teburin mai shayi ana yabon wane da ya tashi daga Legas bai kashe mota ba sai Kaduna, wanda ya ce ya gaji kuma a yi masa dariya a ce ya tsufa. Kawu ma yana cikin masu wannan alfaharin, Allah ya gafarta masa. Wasu kuma in an tsaya ɗin ba kwanciya ake yi ba, hira ce da kallo da latsa waya har ɗaya na dare, a tashi ƙarfe huɗu. Ga azumi in ya zo, a yi sahur a kama hanya ba a runtsa ba. Wannan ba mai kaya ba ne ya sa ku. Kuma don Allah ku ba yaranku izini. Ka gaya wa yaronka da bakinka cewa in ya ga kana gyangyaɗi ya faɗa kai tsaye, ba za ka zage shi ba. Ni shekara biyu na yi ina tari.

Ina da lodin masara da zai tashi ranar Alhamis. Ɗazu na samu direban a Dawanau, dattijo ne da muka daɗe tare. Na ce masa, "Baba, daga yau ba zan ƙara kiranka tsakanin sha ɗaya na dare da asuba ba. In ka ƙara kwana ɗaya a hanya ba zan cire maka ko sisi ba, masara ba ta ruɓewa. In kakar tumatur ta zo kuma ni zan biya direba na biyu." Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi murmushi ya ce, "Alhaji na gode, Allah ya saka. Amma kai ɗaya ne a cikin masu kirana. In na ƙara kwana, mai motar zai ce na ɓata masa sawu, akwai lodin dawowa da ke jirana a Legas ranar Asabar." Na karɓi lambar mai motar, gobe zan kira shi, in ya ƙi kuma sai in ga ko zan iya biyan kwanan daga ribata.

Direbobin da ke cikin abokaina a nan, da yaran mota, ina roƙon abu ɗaya. Kada ku ambaci sunan kamfani ko na maigida. Ku rubuta mini kawai a ƙasa: tafiyarku ta ƙarshe, daga ina zuwa ina, kwana nawa, kuma awa nawa kuka kwanta.